Daga tsakar gida zuwa bakin katafila: tarihin wuraren hirar dare na Abijan

Jama'a masu saurarenmu, makiyaya da fatake na kowane gefen iyaka, a jerin hirarrakin da muke yi kan tarihin biranen da dukiyarku ke zuwa, wannan karon Abijan muka sauka, babban birnin kasuwancin Kwaddebuwa. Sai dai mun wuce kara, mun wuce masu sauke albasa a Ajame, mun bi naman da albasar har inda ake cinye su da dare, wato wuraren ci da sha da rawa waɗanda mutanen can ke kira "maki". Kada mai ɗa a lakwal ya zaci makin jarrabawa ne. Maki fili ne, ko rumfa, ko tsakar gida, an jera tebura da kujerun roba, ga gasasshen kifi da kaza da nama, ga giya a kwalabe, ga kiɗa mai girgiza ƙirji har assalatu. Na san wani dattijo zai ce ina ruwan rediyon makiyaya da mashaya. To, Baba, a yi haƙuri a saurara. Ragon da ya bar hannunka da rana tsaka a kasuwar ƙauye, wani lokaci a irin wannan wuri ake cinye shi da ƙarfe biyu na dare, kuma kuɗin da dillali ya ce ka jira zuwa Litinin, daga aljihun masu wannan rawa yake fitowa.

A fara da garin kansa. Turawan Faransa sun mai da Abijan babban birnin mulkinsu na Kwaddebuwa a 1934, bayan sun bar Banjabil. Suka zauna a tudun da ake kira Filato, suka tura baƙar fata Ajame ta arewa da kuma Tireshbil a ƙetaren tafkin Ebriye. Abin da ya buɗe wa garin baki shi ne mashigin ruwa na Biridi da aka gama haƙawa a 1950, wanda ya haɗa tafkin da teku. Shekara ta zagayo aka buɗe tashar jiragen ruwa, manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari. Daga nan aiki ya ɓalle: dako, gini, sharar titi, gadi. Layin dogon da aka raɗa wa suna Abijan–Nijar ya kai Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar da aka sa masa sunanta ba. Amma ya isa ya kwaso samarin Mosi da Bambara da Zabarmawa da Hausawa ya zube su a bakin teku.

Ku dubi waɗannan mutane da kyau, domin su ne tushen labarin. Gwagware ne, ko magidanta da suka baro iyali a gida. Su biyar, su goma a ɗaki guda. Babu mai girka musu, babu tsakar gidan da za su zauna hira bayan isha. Duk garin da ya tara irin wannan runduna ta maza masu ɗan kuɗin ƙarshen mako a aljihu da yunwa a ciki, to wata za ta ɗora tukunya. A Tireshbil, matan da suka fi shahara da wannan tun farko 'yan Gana ne, waɗanda suka zo da sana'ar tun daga gida. Mace za ta buɗe tsakar gidan hayarta, ta ajiye benci biyu uku, ta dafa sakwara da miya da naman daji, a bayan labule kuma akwai kwalbar da ba a nuna wa baƙo.

Kwalbar nan ita ta jawo ɓoyo. Tun 1919 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka ƙulla yarjejeniya a Faransa kan barasa a Afirka, kuma cikin abin da suka hana har da tace barasa mai ƙarfi a ƙasashen da suke mulka. Bature zai shigo da tasa kwalbar daga Turai, a biya mata kuɗin duwan, ya sha a otel ɗinsa na Filato. Talaka kuwa in ya dafa bammi ya tace shi ya zama abin da suke kira kutuku, ya yi laifi. Wannan kutuku ɗan'uwan ogogoro ne na Najeriya da akfeteshi na Gana, kuma ita kalmar ta Gana ma daga ɓuya ta samo asali a harshen mutanen Ankara. Sunan maki shi ma haka. A Faransanci yana nufin kurmin ƙaya mai wuyar shiga, kuma lokacin yaƙin Hitila da shi ake kiran maɓoyar Faransawan da suka shiga daji suna yaƙar Jamus. Sai mutanen Abijan suka ari kalmar da Bature ke alfahari da ita suka laƙaba wa gidan da ake ɓuyar masa. Babu allo a ƙofa, babu takardar patanti. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba sai an kai shi.

Muna da shaida mai kyau ta yadda 'yan ci-raninmu suka rayu a Tireshbil ta wancan zamani, domin an ɗauke su a silima. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar, ya bi wasu samarin Nijar da kyamara a unguwar, fim ɗin ya fito a 1958 da sunan Moi, un Noir. Babban ɗan wasan shi ne Umaru Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin ya dawo yana neman na abinci a bakin tashar jirgi. An tsara fim ɗin bisa kwanakin mako. Ranakun aiki wahala ce da neman dako. Asabar kuwa sai wanka, sai dambe, sai gidan rawa. Samarin sun ɗauki sunayen jaruman silimar Amurka da Faransa suna kiran junansu da su. Ƙarshenta yarinyar da jarumin ke so wani Bature ɗan jirgin ruwa ya riga shi, don aljihunsa ya fi nauyi, aka yi faɗa a cikin taɓo da asuba, Litinin ta zo aka koma dako. Duk wanda ya taɓa ci-rani a bariki ba sai an fassara masa ba. Umaru Ganda daga baya ya koma gida ya zama mai shirya fim, shi ya fara cin babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981. Shi kuma Rouch, mutanen Ƙonni za su tuna, a hanyar yankinsu ya yi hatsarin mota ya mutu a 2004, aka binne shi a Yamai.

Bayan samun mulkin kai a 1960, koko da kofi suka yi daraja, kuma Shugaba Houphouët-Boigny ya bar ƙofa a buɗe ga baƙi, domin gonakin suna neman hannu. Da Gana ta kori baƙi marasa takarda a ƙarshen 1969, 'yan Nijar da dama da suka saba da Kumasi da Ankara suka juya akalar ci-raninsu zuwa Abijan. Giyar kwalba ta yi araha, domin kamfanin Solibra na yin ta a cikin gari tun 1955. Firji ya shigo. Maki ya fito daga ɓoye ya kafa kujeru a bakin titi, ma'aikacin gwamnati da direban tasi da ɗan makaranta suna zaune tebur kusa da tebur. A nan ake jin labarin da jarida ba ta bugawa, a zamanin da jam'iyya ɗaya ce ke magana.

To a daidai nan mutanenmu suka shigo, ta ƙofar da ba ta giya ba. Mai shan giya yana son abin taɓawa mai gishiri da yaji, matar da ke da maki kuwa kifi da kaza da aceke ta iya. Jan nama a wuta sana'ar 'yan arewa ce. Sai ga mutum da rabin ganga da wayar gashi da wuƙa da takardar buhun siminti, ya kafa a ƙofar maki. Su can suna ce wa naman "shukuya", kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar zai ji ƙamshin suya a cikinta. Yawancin masu wannan gashi 'yan Nijar ne da 'yan Mali da Burkina. Ba sa shiga ciki. Yarinya mai kai kwalabe ce za ta zo ta ce tebur kaza na son na jika biyu, a yanka, a barbaɗa yaji, a zuba albasa, ta kai. Mai maki ba ta korar sa domin namansa ke sa a ƙara kwalba, shi kuma ba ya barin wurin domin kwalbar ke kawo masa mai saye. Da an kira assalatu zai ɗauki butarsa ya koma gefe, masu rawa na fitowa suna tangaɗi.

Malamai sun daɗe suna ja-in-ja kan wannan zama. Wasu sun ce naman halal ne, yankan Musulmi ne, abin da mai saye ya kora da shi tsakaninsa da Ubangijinsa. Wasu sun ce wanda ya kafa teburinsa a inuwar saɓo ya taimaka wa saɓo. Ni ba malami ba ne, ba kuma a wannan fili za a yanke ba. Abin da na lura da shi kawai, gidaje da yawa a yankin Tawa da Dosso an yi musu rufin kwano da kuɗin da aka tara a irin wannan ƙofa, kuma idan ana rabon hatsin da ɗan Abijan ya aiko da kuɗinsa a shekarar fari, ba a cika tambayar wace kusurwa yake tsayawa ba.

A gaskiya shanun da ake yankawa a Abijan galibinsu daga Mali da Burkina suke zuwa, namu na Nijar Najeriya suka fi nufa. Abin da Nijar ke aikawa can da yawa shi ne raguna, musamman gab da Layya, da kuma albasa. Jar albasar Galmi da Madawa da sauran ƙasar Adar tana yin kwanaki a bayan kamiyo kafin ta isa Ajame, kuma babu farantin kifi ko nama a maki da zai fito babu ita. Hanyar kuɗin kuwa kun fi ni saninta. Kafin 2024, bafatake kan sauke dabba a hannun maigidansa a karar Porbuwe, inda babbar mahautar gari take. Babban mahauci ya ɗauka bashi, ya yanka, ya raba wa ƙananan mahauta da masu gashi, su ma bashi. Sai Juma'a da Asabar sun yi kyau kuɗin ke hawowa daki-daki har ya iso ga mai dabba. In an yi ruwan sama kwana uku a jere, ko gwamnati ta yi jinkirin albashi, mai rago a ɗakin maigida zai ji a jikinsa ba tare da ya taɓa leƙa maki ba.

Daga shekarun 1980 arzikin ƙasar ya fara tsiyayewa. Farashin koko ya faɗi, bashi ya hau kan gwamnati, aka shiga sallamar ma'aikata. A lokacin ne kuma Turai ke jibge daskararren naman da ya yi mata yawa a tashoshin bakin teku da arha, saboda gwamnatocinsu na biyan tallafi ga masu fitar da shi. Makiyayin Sahel da ya yi shekara biyar yana kiwon sa ya tarar kwalin nama daga jirgi ya karya masa kasuwa. Sai watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka ninka, naman kwali ya yi tsada, dabbar arewa ta dawo da martabarta, fatake suka yi 'yan shekaru suna dariya. Amma talakan birni ya shiga uku, domin albashinsa bai ninka ba.

Cikin wannan matsi ne wani abinci ya mamaye gari, kuma sunansa kaɗai ya isa hujja: garba. Aceke ne, wato garin rogo da aka turara, da yankan soyayyen kifin teku mai suna ton, da tattasai da albasa da ɗan mai. Abijan na cikin manyan tashoshin saukar wannan kifi a Afirka, kuma wanda kamfanonin gwangwani ba su karɓa ba, ƙarami ko wanda ya ji rauni, shi ake sayarwa a kasuwar gari da sauƙi. Waɗanda suka riƙe sana'ar soya shi maza ne 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa. Labarin da ya fi yawo shi ne, da yake Garba suna ne da ya yi yawa cikinsu, sai masu saye suka riƙa cewa mu je wurin Garba, har sunan ya bi abincin. Wasu kuma na danganta shi da Dicoh Garba, ministan kiwo da kamun kifi na shekarun 1970. Ko ta wace hanya, sunan gidanmu ne. Ɗalibai da marasa aiki da shi suka rayu, kuma mai fitowa daga rawa da asuba, aljihu ya kusa ƙarewa, rumfar garba ce zangonsa na ƙarshe.

Yanzu mu haura Yopugon. Unguwa ce da gwamnati ta gina a shekarun 1970 da dogayen layukan gidajen haya don ƙananan ma'aikata, ta yi ta girma har ƙidayar 2021 ta same ta da mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. A cikinta akwai wani titi da ake kira Rue Princesse, mu ce Titin Gimbiya. Daga ƙarshen shekarun 1980 gidajen bakin titin suka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya suna zama maki da gidajen rawa, har ya zama babu tazara tsakanin lasifikar wannan da ta wancan. Da rana titi ne kamar kowane, da ƙura da kwata. Da magariba ta yi sai a fito da kujeru har tsakiyar kwalta, mota ba ta wucewa sai da rarrafe. Sunansa ya kai inda har Henri Duparc, mai shirya fim na ƙasar, ya yi fim da sunan titin a farkon shekarun 1990. Kiɗan zugulu, wanda ɗaliban jami'a mazauna Yopugon suka ƙirƙiro wajen 1990 suna kukan yunwa da cunkoson ɗaki, a nan ya samu masu saurare.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin wannan titi shi ne lokacin da ya fi cika. Houphouët ya mutu a Disambar 1993. Aka shiga siyasar wane ne ɗan ƙasa na asali, baƙo ya zama abin tuhuma, katin zama da aka ƙaƙaba tun farkon shekarun 1990 ya zama abin da ɗan sanda ke tatsar ɗan ci-rani da shi a kowace kwana. Soja suka yi juyin mulki a Disambar 1999. Ranar 19 ga Satumba 2002 tawaye ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu, Buwake ta koma hannun 'yan tawaye. Jirgin ƙasa ya tsaya kusan shekara guda, kamiyon dabbobi sai ya zaga ta Gana ko ya bi shingaye yana biya a kowanne. Aka sa dokar hana fitar dare a Abijan. Mai hankali zai ce maki ya mutu. Ina! Mutane suka koma fara sha tun da rana, wasu kuma a rufe ƙofa da su a ciki sai gari ya waye.

A tsakiyar wannan tashin hankali ne wasu samarin ƙasar mazauna Faris, jagoransu Douk Saga, suka dawo da sabon kiɗa mai suna kufe-dekale. Babu wa'azi a cikinsa, babu kuka, sai nuna sutura da takalmi da watsa kuɗi. Su suna ganin sabon abu suka kawo. Mu kuwa da muka duba, mun san kayanmu: mai faifai ya kama makirfo yana kiran sunan wane ɗan wane yana zuga shi, shi kuma ya miƙe yana manna takardun kuɗi. Wannan ai roƙo ne da liƙi, irin na bikin kowane gari daga Katsina zuwa Damagaram, an dai sauya kalangu da na'ura. Douk Saga bai daɗe ba, ya mutu a Wagadugu a Oktoban 2006 yana da shekara 32. Wanda ya gaje fagen, DJ Arafat, yaro ne da ya tashi yana sa faifai a wani maki na Titin Gimbiya mai suna Shanghai. Titin ya yi ƙarfin da a 2008 Shugaba Laurent Gbagbo da kansa ya ɗauki baƙonsa Jack Lang, tsohon ministan al'adun Faransa, ya kai shi can da dare a gaban kyamara, don duniya ta ga Abijan lafiya lau.

Ba lafiya ba ce. Zaɓen ƙarshen 2010 ya ƙare da mutum biyu kowa na cewa shi ne shugaba, aka yi watanni ana kashe-kashe, kimanin mutum 3000 suka mutu. Yopugon tungar magoya bayan Gbagbo ce, kuma a shingayen da matasa suka kafa a unguwannin Abijan an tare 'yan arewacin ƙasar da baƙi 'yan Mali da Burkina da Nijar, an duba suna a kati, an kashe wasu, har da waɗanda aka ƙona da rai. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta wannan, sun kuma rubuta ramuwar gayya da ɗaya ɓangaren ya yi da ya shigo unguwar. Mai gashin da ya shekara goma yana yanka wa mutum nama a ƙofar maki, ranar nan sunansa ya zama laifinsa. An kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu 2011, amma a Yopugon sai farkon Mayu bindiga ta yi shiru.

Wata uku bayan haka, a farkon Agustan 2011, katafila ta shiga Titin Gimbiya. Ministar tsabtar birane ta sabuwar gwamnatin Alassane Ouattara, Anne Ouloto, ita ta jagoranci aikin, har mutanen gari suka raɗa mata Maman Katafila. Hujjar gwamnati ita ce gine-ginen sun ci hanya, ƙara ta hana maƙwabta barci, ga karuwanci har da na 'yan mata ƙanana. Kuma duk wannan gaskiya ne, kada son labari ya sa mu ɓoye. Akwai iyalai a bayan titin da suka yi shekaru ashirin ba su san barcin dare ba, akwai yara mata da titin ya cinye. Mutanen Yopugon da dama kuma sun ɗauka horo ne ake yi wa unguwar da ta goyi bayan wanda ya faɗi. Magana biyun na iya zama daidai a lokaci guda.

Abin da nake so masu saurare su riƙe shi ne wanda ya fi jin jiki. Jaridu sun ɗauki hoton manyan masu gidajen rawa suna kuka kan miliyoyinsu. Waɗannan suna da sunan da banki ya sani, da yawansu sun sake buɗewa a wani wuri. Amma kowane babban maki yana ɗauke da mutane a gindinsa kamar yadda gawo ke ɗauke da garke da rani: mai gashi, mai garba, mai tebur na sigari da goro, mai shayi, mai gadin mota, mai wankin takalmi, matar da ke soya agade. Babu ɗayansu da ke da takardar wurin da yake tsaye. Yarjejeniyarsa da mai maki ta baka ce. Da katafila ta wuce, ba shi da abin da zai nuna wa kowa, ga kuma naman jiya da ya karɓa bashi. Bashin nan bai tsaya a kansa ba. Ya hau kan mahauci, ya hau kan maigida, ya iso ga bafatake da ke jiran kuɗin mota ya koma gida. A ganina wanda ya sa hannu a takardar rusau ya kamata ya ƙirga har da waɗannan, ko da ba su da ƙuri'a a ƙasar.

Rawar dai ba ta mutu ba, watsuwa ta yi. Ta koma wasu sassan Yopugon, ta koma Markori inda akwai wurin da ake kira Maki Dubu, ta haura Angire. Masu gashi suka ɗauki rabin gangarsu suka bi ta. Kalmar ma ta riga ta ƙetare iyaka, yau a Wagadugu da Bamako da Lome da Yamai kowa ya san abin da ake nufi da maki. DJ Arafat ya mutu a hatsarin babur ranar 12 ga Agusta 2019, aka yi masa zaman makoki a babban filin ƙwallo na Abijan, filin ya cika maƙil. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe maki gaba ɗaya har tsakiyar Mayu, kuma duk wanda ya kai dabba Abijan a wannan tsakani ya ga yadda kasuwar nama ke yi idan dare ya yi shiru.

Katafilar kuwa ba ta gaji ba. A watan Yunin 2024, ana gab da Layya, ita ce ta isa karar Porbuwe kanta, lokacin da hukumar birnin ta ce a kwashe kasuwar dabbobi a mai da ita wani fili a Ajame. Aka yi arangama tsakanin masu dabbobi da jami'an tsaro, aka rushe rumfuna, fatake da raguna a hannu suna neman inda za su ɗaure. A watan Disambar shekarar hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin aceke cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, aka yi murna a Abijan. Ga masu niyyar tafiya bana, ku tuna Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ƙungiyar CEDEAO tun Janairun 2025, Kwaddebuwa kuwa tana ciki. Kowa ya gyara takardunsa tun daga gida, kuma kafin ka saki dabba bashi, ka tambayi maigidanka wa zai yanka, a wace unguwa yaransa ke gashi, kuma ko an shafa wa bangon wurin jan fenti.